Yadda Ake Zaman Ciniki Ta Bidiyo Daga Katsina

Ranar da muka fara gwada taro ta Zoom a ofishin maigidana, wani Alhaji mai harkar riɗi da zoɓo, mun sha kunya. Mun jingina waya da gorar ruwa a kan tebur, fanka tana juyi a samanmu, janareto yana ruri a bayan taga. Mai sayen kayan yana Legas, sai cewa yake a maimaita, mu kuma muna ta ɗaga murya kamar masu kiran wanda ke tsallaken titi. Da ƙyar aka gama gaisuwa aka shiga maganar farashi. Alhaji ya buɗe baki zai faɗi nasa ke nan, sai taron ya yanke. Minti 40 sun cika. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan abin naku ba na manya ba ne. Gobe a zuba mai mu tafi Kano mu hau jirgi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ko Majalisar Zartarwa ta Tarayya da shi ta zauna." Gaskiya na faɗa masa, don ranar 13 ga Mayu 2020, lokacin kullen korona, marigayi Muhammadu Buhari ya jagoranci zamanta na farko ta bidiyo. Jin sunan mutumin Daura ya sa ya ba ni kwana biyu in gyara. Abin da na koya tun daga ranar shi ne mutane sun fi damuwa da hoto, alhali ciniki da kunne ake yinsa. In murya ta fita tas, ko hoton ya dushe za a daidaita. In murya tana tsinkewa, ko da kyamarar miliyan kake ba abin da zai ƙullu. Don haka za ka ga na fi daɗewa a kan sauti da sabis.

Zaɓen manhaja

Tambayi wanda za ku zauna da shi abin da ya saba da shi, musamman in shi ne mai saye. In ya bar maka zaɓi, ga yadda nake auna su.

Zoom na kyauta yana ɗaukar mutum 100, amma minti 40 yake ba ka, ko da ku biyu ne rak. Alherinsa shi ne baƙo zai iya shiga ba tare da ya yi rajista ba. Google Meet na kyauta shi ma mutum 100 ne, minti 60 in kun kai uku, in kuwa ku biyu ne sai kun gaji, don iyakarsa awa 24. Duk mai wayar Android kusan yana da adireshin Gmail, kuma Meet yana nan a cikin manhajar Gmail, saboda haka shi na fi miƙa wa dattawa. Microsoft Teams na kyauta minti 60 ne da mutum 100, kuma shi bankuna da manyan kamfanoni suka fi turo wa mutum. Ya fi sauran nauyi a ƙaramar waya. In wani ya ce maka Skype, ka sani an rufe shi a watan Mayu na 2025.

WhatsApp fa? Yana ɗaukar mutum 32 a kiran bidiyo, ba shi da iyakar minti, kuma kowa ya iya shi. Tsakaninka da yaranka na Funtuwa ko na Daura ya wadatar. Amma duk wanda ya shiga kiran yana ganin lambar wayar sauran. In kai dillali ne, ka haɗa mai kaya da mai saye a WhatsApp, to ka miƙa musu lambar juna da hannunka. A Zoom ko Meet suna kawai ake gani.

Masu hulɗa da Sin su lura: WhatsApp da kayan Google a toshe suke a can. Abokin cinikinka na Gwanzu WeChat zai nema, gara ka buɗe shi tun da wuri.

Wuta, sabis da data

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana ɗaya kafin zaman, a daidai lokacin da za a yi shi, ka zauna a kujerar da za ka zauna, ka buɗe fast.com ka ga ƙarfin sabis ɗinka. Na ce daidai lokacin ne don layin da ke gudu da hantsi yakan yi nauyi bayan Magariba, sa'ad da kowa ya koma gida ya hau intanet. Kuma abin da ya yi kyau a Ƙofar Ƙaura ba lallai ya yi a Ƙofar Marusa ba, kai har tsakanin ɗaki da ɗaki akwai bambanci. Zoom yana neman kimanin kilobit 600 a daƙiƙa, shiga da fita, don bidiyon mutum biyu, da wajen megabit 1.2 in ana son hoto mai kyau. In gwajinka ya tsaya a kan megabit 2 zuwa 3 bai yi ta hawa da sauka ba, za ka yi taro lafiya. Tsayuwar ta fi yawan muhimmanci.

Lissafin data kuma ga shi. Kilobit 600 shiga da fita na awa ɗaya ya kama wajen megabait 540. In mutane suna da yawa, kowa ya kunna kyamara, sai ya haura gigabait 1. Murya zalla kuwa ba ta kai megabait 100 a awa ba. Ni dokata ita ce kada in shiga zaman awa ɗaya da ƙasa da gigabait 2. Tun 2023 aka daidaita lambobin dukkan layuka: *323# don duba data, *312# don saye. Ka duba da safe, ka da ka bari sai an ce "muna jiranka".

Ka tanadi layi biyu na kamfani daban-daban. Na biyun ya kasance a kunne, da data a ciki, ka riga ka haɗa kwamfutarka da shi sau ɗaya don ta riƙe kalmar sirrinsa. Ga wani tarko da ya kama ni sau biyu: in wayar da kake amsa kira da ita ce take raba wa kwamfuta intanet, kiran waya na shigowa sai data ta yi ƙasa ko ta ɗauke. Wayar ɗan kasuwa kuwa ba ta minti goma ba ta yi ƙara ba. Sa layin taro a cikin 'yar na'urar wayfay ko wata waya da ba a san lambarta ba. Wanda harkarsa ta kai, akwai Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, sai dai shi ma wuta yake ci.

Wutar ma kada ka dogara da ita. Cika cajin waya da kwamfuta da fawa bank. In da sola da inbata, to madalla, ba su da ƙara. In janareto ne, a tashe shi minti 15 kafin zama, a ja shi nesa da tagar ɗakin. A watannin bazara, Afrilu da Mayu, waya tana ɗaukar zafi in ana bidiyo ana caji lokaci guda, har ta rage gudu ko ta kashe kyamara da kanta. Cire mata riga, kada rana ta taɓa ta.

Tsayar da lokaci da kiran taron

Fara da jadawalin salla. Zaman da zai ci karo da Azahar ko La'asar ya lalace tun kafin a fara, don ko ba ka tashi ba lasifikar masallacin unguwa za ta shigo cikin taron. Daga ƙarfe 10 zuwa 12 na safe shi ne lokacin da ya fi mana daɗi. Juma'a kuwa, in ba da sassafe ba, a bar ta.

Sai agogon ƙasar abokin hulɗa. Saudiyya da Turkiyya suna gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Indiya da awa 4 da rabi, Sin da awa 7. Wato ƙarfe 9 na safe a Katsina ƙarfe 4 na yamma ne a Gwanzu, in ka bari sai 11 sun tashi daga aiki. Maraɗi lokacinmu ɗaya. Ingila ce mai ruɗarwa: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya, sauran watannin tana bayanmu da awa 1. Kullum ka rubuta lokacin biyu a cikin gayyata, naka da nasa.

A Zoom, sauke manhajar daga Play Store ko App Store, ka yi rajista da imel, ka taɓa alamar kalanda da aka rubuta wa Schedule. Sa sunan taron, rana da lokaci, ka tabbata agogon na Afirka ta Yamma ne. Bar kalmar sirri a kunne. Kunna kuma abin da suke kira Waiting Room, wanda ni zaure nake ce masa, don aikinsa ke nan: baƙo ya tsaya a zaure sai mai gida ya ga sunansa ya ce ya shigo. A 2020 ɓata-gari sun yi ta faɗawa tarukan mutane suna watsa shashanci, shi ya sa kamfanin ya mai da waɗannan matakai a kunne tun daga tushe. Da ka adana, sai ka kwafi gayyatar. A cikinta akwai linki, da lambar taro, da kalmar sirri.

A Meet abin ya fi sauƙi. Buɗe Gmail, taɓa alamar kyamara a ƙasa, zaɓi sabon taro, ka karɓi linkin da za ka raba. Ƙarshensa haruffa goma ne da aka raba gida uku.

Tura linkin ga kowane mutum shi kaɗai, kada ka jefa shi a babban zauren WhatsApp na 'yan kasuwa. Ka haɗa da ajanda ta layi uku ko huɗu, misali inganci, farashi, ranar lodi, yadda za a biya. In Zoom na kyauta ne, shirya taro na biyu tun yanzu ka tura linkinsa tare, ka rubuta cewa in na farko ya yanke a koma wannan. Da na san haka da Alhaji bai yi fushi ba.

Gyaran ɗaki

Haske ya kasance a gabanka. In taga tana bayanka, inuwa kawai za a gani sanye da hula. Juya teburin ka fuskanci tagar, an gama. Ɗaga waya ko kwamfuta ta yi daidai da idonka, ko da littattafan rasit za ka tara a ƙarƙashinta, in ba haka ba haɓarka da silin za a yi ta kallo. Waya a kwance ta fi a tsaye, kuma a kafe ta, kada a riƙe a hannu. Da hunturu ƙura takan rufe gilashin kyamara, goge shi da gefen riga kafin ka zargi sabis. Dubi abin da ke bayanka kuma. Allon da aka rubuta sunayen masu bashi ko farashin da ka sayo kaya ba abin nuna wa mai saye ba ne.

Yanzu sauti. Sayi iyafis mai waya, mai makirfo a jikinsa. Ya fi makirfon kwamfuta nesa ba kusa ba, don yana kusa da bakinka, kuma ya fi na bulutut kwanciyar hankali, don ba ya mutuwa a tsakiyar magana. Kashe fankar sama ko ka kauce daga ƙarƙashinta. Kai ba ka jin ta, amma iskar da ke bugun makirfo a kunnen na can kamar guguwa take. Rufe ƙofa da tagar da ke kallon titi, saboda hon ɗin babura da keke napep. Ɗaki mai kafet da labule ya fi fankon ofis mai tayil, wanda murya ke amsa-kuwwa a cikinsa.

In ku biyu ko uku ne a ɗaki ɗaya, na'ura ɗaya ce za ta buɗe sauti. Waya biyu a cikin taro ɗaya a ɗaki ɗaya su ke haddasa wannan ƙugin mai huda kunne. Ku matso kusa da guda ɗaya, ko sauran su shiga ba tare da sun haɗa sauti ba sam.

Daga nan ka gwada. Zoom yana da shafin gwaji, zoom.us/test, inda za ka yi magana ya maimaita maka muryarka. Wanda ya fi wannan shi ne ka kira wani yaronka da ke wata unguwa ta linkin, ka karanta masa lambobi biyar, ya maimaita maka. In ya kuskure ko ɗaya, akwai gyara.

Shiga da tafiyar da zaman

Mai masauki ya riga kowa shiga da minti biyar. Mai shiga Zoom ta waya zai ga tambaya a kan yadda zai haɗa sauti, ya zaɓi ta wayfay ko data. Rabin masu cewa "ba na jin komai" nan suka tsallake. Gyara sunanka kuma. In ka bar shi yadda yake, sunan ƙirar wayarka ne zai fito, mai masauki mai hankali kuwa ba zai buɗe wa Tecno ko Infinix ƙofa ba. Rubuta sunanka da na kamfaninka.

Maganar gaisuwa tana buƙatar dabara. Mu ba ma shiga ciniki ba mu tambayi gida da iyali da kasuwa da gajiya ba, kuma bai kamata na'ura ta raba mu da wannan ba. Amma in mutum shida ne, kowa ya gaisa da kowa, kwata ɗin lokacin ya tafi. Abin da muke yi yanzu, Alhaji yakan kira babban baƙon ta waya da safe su gaisa sosai. A cikin taron kuma mai masauki ya yi sallama, ya gaishe da manya da sunansu ɗaya bayan ɗaya, ya gabatar da kowa, a yi addu'a gajeriya in an saba, a shiga ajanda.

Wanda ba ya magana ya kashe makirfo. Alamarsa tana ƙasa, in an ja mata jan layi to a kashe take. A kwamfuta, Alt da A ne a Zoom, Ctrl da D a Meet. A Zoom kana iya danne dogon maɓallin tazara ka yi magana, ka saki ya koma kashe. Mai masauki yana da ikon kashe na kowa, kuma ya yi amfani da shi, amma in dattijo ne ya fara neman izini: "Alhaji, zan ɗan rufe naka saboda ƙara, in za ka yi magana ɗaga hannu." Murya tana ɗan jinkiri kafin ta isa, saboda haka in ka gama magana ka dakata kamar numfashi biyu. Rashin wannan dakatawar ke sa mutum biyu su yi ta karo suna "bismillah, ci gaba". In kana magana dubi kyamara, ba fuskarka da ke allon ba.

In da tafinta, ya zauna kusa da maigida a gaban na'ura ɗaya, a kuma gabatar da shi tun farko. Maigida ya riƙa yanka maganarsa gajeru-gajeru. Kada ka ɗauka na can ba ya jin Hausa. Mun taɓa zama da wani ɗan Labanan da ya bar mu muka gama shawararmu a gabansa, sannan ya ce, "To Alhaji, yaya ke nan?" A Kano aka haife shi.

Lambobi a rubuce

Wannan ne wurin da kuɗi ke salwanta. Duk lambar da aka faɗa da baki, farashi ko nauyi ko rana, a rubuta ta nan take a akwatin saƙo na cikin taron, ɗaya ɓangaren ya amsa a rubuce. A Turanci 15 da 50 kusan sautinsu ɗaya, haka 16 da 60, sabis na ɗan tsinkewa an sauya ciniki. A faɗi ma'auni kuma, tan ne ko buhu, buhun kilo nawa, kuɗin ya haɗa da mota zuwa Legas ko a bakin sito ne.

Hausa ma ba ta tsira ba. In kana ciniki da mutumin Maraɗi ya ce dala, ba ta Amurka yake nufi ba, sefa 5 ce. Jaka a wurinsa sefa 1,000 ce, mu kuwa a tsohon lissafinmu naira 200 ce. Kuna harshe ɗaya, kowa da abin da ya ji. Rubuta adadin da alƙaluma, ka sa sunan kuɗin a gefe.

Nuna kaya da takardu

Don nuna kaya, sa wani yaro ya shiga taron da waya daga sito, ya juya zuwa kyamarar baya, wadda ta fi ta gaba kyau. Ya zuba riɗin a farin faranti a hasken rana, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, ya ajiye biro a gefe don a gane girman ƙwaya, ya tsai da hannunsa. Bar mai saye ya nuna buhun da yake so a farke, wannan ya fi kwantar masa da hankali fiye da wanda kai ka zaɓa. An ce gani ya kori ji, amma kyamara tana sauya launi, zoɓo ya fito ya fi yadda yake ja ko duhu, kuma ba ta auna danshi ko tsakuwa. Samfur dai sai an sa shi a mota.

Takarda kuwa da maɓallin Share ake nuna ta. Buɗe ta tun kafin taro, ka zaɓi ita kaɗai, kada ka zaɓi allon gaba ɗaya. In ka nuna duka, saƙon banki da na iyali da farashin da wani mai sayen ya taya duk za su faɗo a gaban jama'a. A waya, kunna yanayin hana damuwa kafin ka fara. Ƙara girman rubutun, don na can wataƙila a ƙaramar waya yake kallo. Mafi sauƙi ma, tura takardar tun da safe, a taron ka ce a duba shafi na 2.

In sabis ya fara rawa

Da ka ji murya ta fara jan ƙafa, kada ka jira. Kashe kyamararka, ka faɗa musu dalili. In bai isa ba, Zoom da Teams suna da wurin dakatar da bidiyon da ke shigo maka, Meet kuma yana da na rage cin data a waya. Kashe hoto mai ƙarfi na HD tun farko. Rufe duk abin da ke jan data a ɓoye, a kuma ce wa yaran ofis su sauka daga wayfay ɗin. In duk bai yi ba, koma layi na biyu. In shi ma ya ƙi, kira babban baƙon ta waya kai tsaye ku ƙarasa. Ku yi wannan yarjejeniyar tun a farkon zama: in an yanke minti uku ba a dawo ba, wane ne zai kira wane.

'Yan damfara

Akwai salon da ya yi yawa a ƙasar nan. Wani zai kira ka da ladabi, ya ambaci ƙungiyarku ko zaurenku na WhatsApp, ya ce akwai taron Zoom da daddare, an turo maka lambar shiga mai alƙaluma shida, ka karanto masa. Wannan lambar ta buɗe WhatsApp ɗinka ce a wayarsa. Kana faɗa ya ƙwace, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka. Mai kiran taro shi ke ba ka lamba, ba ya karɓa daga gare ka. Shiga saitin WhatsApp yau ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Ganin fuska ma ya daina zama hujja. A farkon 2024, wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya tura kimanin dalar Amurka miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugabanninsa, ashe dukkan fuskokin da muryoyin na bogi ne, da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa su. Don haka in an ba ka sabuwar lambar asusu a cikin taro, ko aka ce a tura kuɗi yanzu-yanzu, kada ka tura sai ka kira mutumin ta tsohuwar lambarsa da ka sani.

Naɗar taro da abin da doka ta ce

Kada ka naɗi taro ba ka nemi izini ba. Manhajar ma za ta sanar da kowa, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Zoom na kyauta yana naɗa a kwamfuta, ba ya yi a waya. Meet sai an biya. Masu kamfani mai rajista kuma su sani dokar kamfanoni ta 2020, a sashe na 240, ta yarda kamfani mai zaman kansa ya yi babban taronsa ta na'ura muddin ya dace da ƙa'idojin kamfanin, wata doka ta 2023 kuma ta faɗaɗa wannan ga kamfanonin da jama'a ke da hannun jari. A irin wannan zama a rubuta sunan duk wanda ya halarta da lokacin da ya shigo.

Tashi

Minti biyar kafin lokaci ya cika, mai masauki ya karanto abin da aka tsayar: kaya kaza, farashi kaza, wane zai yi kaza zuwa rana kaza. Kwafe abin da aka rubuta a akwatin saƙo kafin ka rufe, don a wasu manhajojin yana tafiya da taron. Cikin awa ɗaya ka tura taƙaitaccen bayanin ta imel ko WhatsApp, ka nemi kowa ya amsa da "na amince". In akwai bashi a ciki, Alhaji da kansa yakan tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Sannan ka rufe da kyau. Jan maɓallin yana ba mai masauki zaɓi biyu, ya fita shi kaɗai ko ya rufe wa kowa. Zaɓi na biyun, in ba haka ba ka bar baƙinka su kaɗai a ɗakinka suna tattaunawa. In kai baƙo ne, fita, ka dubi allon ka tabbata ka fita. Kifa waya a kan tebur ba fita ba ne. A zamanmu na uku, an yi sallama, na kifa wayar, Alhaji ya miƙe yana gyara babbar riga ya ce, "Wallahi da ya matsa kaɗan da na rage masa." Sai muka ji murya daga ƙarƙashin wayar tana cewa, "Alhaji, ina nan fa, nawa za a rage?"